Tankar Ruwan da Ba a Tsayarwa a Shinge

An yi wani mutum a nan Kano, lokacin da ƙananan hukumomi ba su daɗe da kafuwa ba. Ba zan faɗi sunansa ba, danginsa suna raye. Direba ne, yana jan tankar wata ƙaramar hukuma, yana kai wa ƙauyuka ruwan sha idan rijiyoyi sun ƙafe.

A hanyarsa akwai shinge, inda kowace mota take tsayawa ta biya kuɗin hanya, a leƙa abin da ta ɗauko. Motar hukuma kuwa an yafe mata. Da Malam Lawan mai shinge ya hango lambar gwamnati sai ya ɗage ƙarfe, ya ce, "A sauka lafiya." Ya 'yan uwa, don me aka yafe wa motar nan? Don aikin talakawa take yi. Amana aka ba ta.

Ran nan wani ɗan kwangila, Isyaku, ya tare shi a Challawa. Aikinsa kwashe ruwan jima daga wani kamfanin fatu, baƙin ruwa mai wari, wanda idan ya taɓa jiki sai wurin ya saluɓe. Ya ce, "Malam, motocina kullum sai an tsayar da su, ana yi mini tambayoyi. Taka ba mai taɓa ta. Ka riƙa ɗaukar mini, ka zubar a daji, ka wanke tankarka. Wa zai sani?"

Mutumin nan ya san haramun ne. Amma ya ga abin da aka miƙo masa, ya karɓa.

Ranar farko da ya doshi shinge da ruwan jima a tankar, ya taka birki. Malam Lawan ya ɗage ƙarfe kamar kullum. Daga sau ɗaya a mako aka koma sau uku. Wankin tankar ma ya koma ɗauraya. Amma tsoro bai sake shi ba. Idan ya ɗaga hannu zai yi kabbara sai ya ji warin jima. Matarsa Ladidi ta ce, "Maigida, me ke damunka? Ko sallama aka yi sai ka zabura." Ya ce gajiya ce.

Wata Alhamis da hantsi ya zubo ruwan jima ke nan, bai ko ɗauraye ba, sai shugaban sashensu ya tare shi a ƙofar ofis. Ya ce, "Rijiyar garinku ta rufta, yau kwana biyu ba ruwa. Maza mu cika tanka, tare za mu tafi."

Ina zai wanke, ga shugaba a gefensa? Kalma ɗaya ce tsakaninsa da tsira: ya ce tankar ba ta da tsabta. Amma idan ya faɗa, za a tambaye shi dalili. Ya yi shiru, aka cika.

Da suka doshi shinge, ya rage gudu. A ransa roƙo yake yi a tsayar da shi, a buɗe tankar, a kama shi. Malam Lawan ya ɗage ƙarfe, ya ce, "A sauka lafiya."

A garinsu mata sun yi layi da tuluna da bokitai. Wata ta ce ruwan yana wari. Shugaban, da bai san komai ba, ya ce maganin da ake sawa a ruwan birni ne. Mahaifiyar direban ta ɗiba a moɗa, ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan." Ta sha. Yana tsaye, hannunsa a kan famfo, yana kallonta.

Kafin a sauko daga Juma'a gari ya rikice da amai. Yara huɗu suka rasu, har da Binta, 'yar yayansa. A maƙabarta ya faɗi yana birgima, ya tona wa kansa asiri. Isyaku ya rantse bai taɓa ganinsa ba.

Mahaifiyarsa ta tashi daga cutar. Kafin a tafi da shi gidan yari aka kai shi gabanta. Ba ta tsine masa ba. Tambaya ɗaya ta yi: "Lokacin da na kai moɗar nan bakina, kana kallona?" Ya ce, "Ina kallonki, Inna." Ta juya fuska ga bango, ba ta ƙara yi masa magana ba har ta koma ga Allah.

Bayan ya fito hankalinsa bai dawo ba. Masu aiki a Bompai sun sha ganinsa a bakin titi. Idan ya ga mutum zai sha ruwa sai ya rugo yana ihu, "Kada ka sha! Kada ka sha!" Ya faɗa, amma bayan an binne yara.

Ya 'yan uwa, ku da aka ba motar hukuma, da hatimin ofis, da makullin sito, idan mutane sun daina bincikenku don sun yarda da ku, kuna zaton Allah ma ya daina? Akwai ranar da za a tsayar da kowa, a buɗe abin da ya ɗauko, ba lambar da za ta wuce da shi.

Allah ya kiyaye mu daga cin amana, ya ba mu ikon faɗin gaskiya tun tana da amfani. Amin.