Yarinyar da Aka Miƙa wa Littafi a Gaban Jama'a

Akwai wani manomi mai wadata, dattijo ne kuma a ikilisiyar ƙauyensu. Yana da 'ya'ya maza biyu. Da ƙanensa ya rasu, ya ɗauki 'yar marigayin, Tabita, ya riƙe ta, mutane suna ta sa masa albarka.

Da yaran suka isa karatu, ya kai nasa makarantar kwana a birni. Tabita kuwa ya sa ta a ta ƙauye, wadda iska ta yaye wa kwano tun bara waccan. Yara a ƙasa suke zama, malamin kuma sai ya ga dama yake leƙowa. Manomin ya san haka sarai. Iyaye matalauta sun sha zuwa ƙofarsa suna roƙo ya shige musu gaba a kai kuka wurin hukuma, yana ce musu, "Bari a gama aikin gona." A ransa kuwa yakan ce, ai makaranta makaranta ce.

Ranar godiya ta kaka, wani mai bishara ya zo baƙunci. Ya tambaya ko akwai yaron da zai karanta Maganar Allah. Jama'a suka ce, "A kira daga gidan dattijo, can ne gidan karatu." 'Ya'yansa suna birni, sai aka tura Tabita gaba.

Ta karɓi littafin hannu biyu, ta zuba masa ido. Ko kalma ɗaya ba ta iya karantawa ba. Can a baya wani ya yi dariya.

Mai bisharar ya sunkuya ya ce, "'Yata, ba kya zuwa makaranta ne?"

Ta ce, "Ina zuwa kullum, Malam. Baba bai taɓa hana ni ba. Ni ce dai ba ni da kai."

Wannan magana ta soki manomin. Da ta yi ƙararsa ma da ya fi masa sauƙi. Ga marainiya tana kāre shi, tana ɗora wa kanta laifin da nasa ne. Ya dubi buhunan dawar da ya kawo baikon godiya ga Allah, waɗanda ɗazu yake taƙama da su, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Ya tashi, ya je ya tsaya kusa da ita. Ya ce, "Kanki lafiya lau, 'yata. Ni ne na raba abinci, na ba ki dusa."

Washegari, shi ne a gaban iyayen nan zuwa ofishin ilimi, kansa a sunkuye.

Ma'anar wannan misali ita ce: manomin, mu ne. Mukan zaɓar wa 'ya'yan cikinmu makaranta mai kyau, mu bar wa marayu da 'ya'yan talakawa kango, sa'an nan mu ce ai kowa yana karatu. Idan suka kāsa, mu ce ba su da ƙwaƙwalwa, har su ma su yarda. Allah ba ya tara, wato ba ya nuna bambanci. Bai halicci wani yaro domin kujera, wani domin turɓaya ba. Kafin ka kawo baikonka ranar Lahadi, ka bi ta makarantar unguwarku, ka leƙa ta taga. Yaron da ka gani a ƙasa, za a tambaye ka shi.