Kulɓa da Takalman Malam Tanimu

"Ga ta nan, ga ta nanku."

"Ta zo mu ji ta, Kaka!"

"To ku ji ta da kunne, ku huta da baki. Tasalla, da ke nake."

An yi wata Kulɓa a gidan nan, a gindin randa take kwana. Kun dai san kulɓa, mai sheƙin jiki da gajerun ƙafafu, wadda in ta wulga sai ka rantse maciji ne. Shekarar da ciwon kakanku Malam Tanimu ya yi tsanani aka tura mu asibiti a Indiya, ashe ta shige jakata. Sai da muka sauka ta leƙo ta ce, "Inna, mun iso?"

Na ce, "Ke da wa?"

Daga tagar ɗakin Malam ana hango wani dutse, a kansa wani farin gini. Masu shara suka ce wurin ibadar Hindu ne, abin bautarsu mai siffar maciji, mutane na hawa su zuba masa madara. Kullum Malam sai ya ce, "In na tashi zan hau in gani da idona." Da ya ga jikin ba na tashi ba ne, ya ce, "Ke ki hau mini."

Ran Laraba Allah ya karɓi abinsa. Musulmin garin suka yi masa sutura. Abin da ya rage a hannuna takalmansa ne na fata, waɗanda dunduniyarsa ta lotsa. Na san mai takaba ba ta yawo, Allah ya yafe mini, amma na riga na ɗauki alkawari. Da hantsi na saɓa jaka na tafi.

A gindin dutsen na tarar da takalma tsibi guda, kowa ya tuɓe nasa ya hau. Na tuɓe nawa. Na Malam kuwa, na tuna Juma'ar garinmu, yadda mai hankali ke haɗa takalminsa ya shiga da shi masallaci. Na haɗa su baki da baki na cusa ƙasan jaka.

Kulɓa ta ce, "Inna, fatar saniya ce fa. Na ji masu shara sun ce ba a shiga da ita. In aka gani, daga saman dutse za a wurgar da su."

Na ce, "To ki yi shiru."

Ta ce, "Zan yi. Amma jakar nan zafi, ɗora ni a kanki. Ki rufe ƙafafuna, in rufe takalmanki."

Ni da furfurata na ɗora ta a ɗankwali. Matakala ɗari uku, rana tana dukana, tafin ƙafata yana toyewa, ita kuwa tana cewa, "Inna, daina girgiza, jiri nake ji."

A sama akwai wata babbar bishiya, a gindinta duwatsu an sassaƙa macizai a jiki, gefe kuma ga suri. Mata na zuba madara, suna barbaɗa gangamau, suna ajiye furanni. Wani tsoho mai farin zane da toka a goshi shi ke kula da wurin.

Kulɓa ta haɗiye yawu ta ce, "Kwantar da ni tsakanin duwatsun nan, ki lulluɓe ni da furanni."

Na ce, "Ke ba ki jin kunya? Ibadar mutane ce."

Ta ce, "Ki rufe ƙafafuna, in rufe takalmanki."

Na kwantar da ita. Ta naɗe ƙafafu a ƙarƙashin ciki, ta miƙe wuya kamar maciji. Matan suka gan ta, suka matso mata da kwanon madara. Ta shanye. Suka ƙara, ta shanye. Har gyatsa, yara, a gaban jama'a!

Ta yafuto ni ta ce, "Inna, dutsen nan na ƙona mini ciki. Miƙo takalmi ɗaya in kwanta a ciki, a riƙa zuba mini madarar daga nan."

Na ce, "Takalmin Malam? Ki jiƙa shi da madara?"

Ta ce, "Ki rufe ƙafafuna..."

Na ce, "Kada ki ƙarasa."

Na zuge jaka, na fito da takalman, na miƙe a gaban tsohon. 

Ya ce, "Baiwar Allah, fata a nan?"

"Kaka, da wane yare ya faɗa?"

"Tasalla, tatsuniya ce, kowa na jin kowa. Ki bar ni in fita daga wannan kunya."

Na ce masa, "Baba, na yi laifi, kuma na sani kafin in yi. Na mijina ne. Shekaranjiya ya rasu a asibitin can. Shi ya so hawa, ni na hau. Na ji tsoron in bar su a ƙasa su ɓata. In wurgarwa za ku yi, ku bari in riƙe su tukuna."

Ya daɗe yana kallon takalman. Ya ce, "Wa ya ce miki muna wurgar da kayan mutane?"

Na waiwaya na dubi Kulɓa. Ta rufe ido.

Ya ce, "Cikin ginin ne ba za su zauna ba. Fita da su bayan katanga, ki dawo a wanke inda kika tsaya."

Na fita. Ashe daga bayan katangar ana ganin asibitin, har da tagarmu. Na ajiye takalman a kan dutse, na juya su suna kallonta. Na ce, "Malam, ga shi ka hau. Bishiya ce da duwatsu da mutanen kirki." Na yi kukana, na dawo na karɓi tsintsiya, ni da matan muka wanke daɓen.

Muna cikin wanki sai ga Kumurci ya fito daga suri, baƙi ƙirin. Ya dubi Kulɓa ya ce, "Sannu 'yar'uwa, daga ina?"

Ta ce, "Daga nesa."

Ya ce, "Madalla. Fasa kai mu gaisa."

Ta kumbura wuya, babu abin da ya fasu. Ta sake, sai gyatsa. A na uku Kumurci ya fasa nasa kamar faifai. Ƙafafun da na sha wahalar rufewa suka fito duk huɗu! Ta zabura, ta faɗa kwanon gangamau, ta bar wutsiyarta tana rawa a cikin furanni, ta gangara matakala ɗari uku ba mai ɗauke da ita.

Tsohon ya ce, "Tun da kika kwantar da ita muka gane. Maciji ba ya ƙifta ido. Da ta zo da ƙafafunta ma, da mun ba ta madarar."

Shi ya sa har yau kulɓa ke da zane mai ruwan ɗorawa a baya, kuma ko tsawa ka yi mata sai ta yar da wutsiya. Takalman kuwa suna nan ƙarƙashin gadona. Ku riƙe wannan: duk wanda ya ce ki rufa masa asiri ya rufa miki, a kanki zai hau dutse. Ki faɗi laifinki da bakinki, ki huta.

Ƙurunƙus, kan Kulɓa mai gyatsa! Tasalla, in tambaya ce a bakin nan naki, ki haɗiye ta ki je ki kwanta.