Wakilin da Ya Nemi Hayaƙi

Akwai wani mutum mai kiwon ƙudan zuma. A wata shekara zumarsa ta yi albarka ƙwarai, har tulunan gidansa suka cika. Amma gidansa yana nesa da hanya, mutanen kasuwa ba su san da shi ba. Sai ya ce a ransa, "Bari in nemo waɗanda za su sanar da mutane zumar nan kafin babbar kasuwar kaka."

Ya ɗauki mutum uku. Dogara mai zanen ƙwarya zai zana alamar gidan a jikin ƙoran da za a zuba zumar. Iya Kyauta mai tsara waƙa za ta tsara wa zumar waƙa, irin wadda mace za ta ji a kasuwa ta tafi da ita gida. Tanko mai shela kuma zai karɓi waƙar daga bakinta ya zaga ƙauyuka da ita. Kowannensu yana ƙauyensu, nesa da juna, ba mai ganin ɗan'uwansa. Iya Kyauta gwauruwa ce, ba ta da ɗa, ba ta da gona. Da muryarta take ci.

Maigidan ya naɗa wani saurayi wakili a kansu, ya ce masa, "Ka ga kowa ya sami abin da yake bukata, aikin wannan kuma ya isa hannun wancan a kan lokaci." Sa'an nan ya tafi daji wurin amyarsa.

Wakilin ya hau wani dutse inda ake hango ƙauyukan nan uku. Ya duba, bai ga kowa ba sai rufin ɗakuna. Zuciyarsa ta fara raya masa, "Na san barci suke yi. Wa zai yi aiki ba ido a kansa?" Sai ya aika wa kowannensu cewa, "Daga fitowar rana har faɗuwarta, kowa ya hura wuta a inda yake aiki, in riƙa ganin hayaƙi. Wanda hayaƙinsa ya yanke, na san ya bar aikin."

To, damina ce, itace duk a jiƙe. Tanko ya tara ɗanyen ganye ya zuba a kan garwashi, hayaƙi ya turnuƙe sama, shi kuwa ya shimfiɗa tabarma ya miƙe ƙafa. Dogara yana raba yininsa biyu, rabi neman itace, rabi zane. Iya Kyauta kuwa bisa ga al'adarta a bakin rafi take samun waƙa, tana tafe tana rerawa a hankali. Da ta fita, wutar ta mutu.

Da saƙon faɗa daga wakilin ya yi mata yawa, sai ta tako da ƙafarta har gindin dutsen.

Ta ce, "Ɗana, na sami amshi da baiti biyu. Sauko ka ji."

Wakilin ya amsa daga sama, "Iya, jiya da shekaranjiya ban ga hayaƙinki ba."

"Ai ina bakin rafi. Can nake samunta."

"Rafi? Wanka aka ɗauke ki yi? Dubi na Tanko can, kamar gobara. Haka ake aiki!"

"Tanko ko leƙo ni bai yi ba, balle ya karɓi waƙar. Ɗana, hayaƙin nan yana shaƙe ni. Ka ji yadda nake tari."

"Ni ban ce tari ba, ban ce waƙa ba. Hayaƙi na ce. In ba za ki iya ba, akwai masu so."

Ta juya ta koma. Daga ranar ba ta ƙara zuwa rafi ba. Ruwan sama ya hana ta hura wuta a tsakar gida, sai ta shiga ɗaki da jiƙaƙƙen itace, ta durƙusa tana hurawa da baki, idanunta suna hawaye. Kullum wakilin yana kan dutse yana hango hayaƙi uku, yana murna, yana cewa, "Yanzu aiki ya kankama."

Da kasuwar kaka ta zo, maigidan ya dawo da jakuna ɗauke da zuma. Ya tarar rabin ƙoran ba zane. Ya tambayi masu wucewa ko sun ji labarin zumarsa, ba wanda ya ji. Ya kira Tanko, Tanko ya ce ba a ba shi waƙa ba. Sai ya sa aka kawo Iya Kyauta, ya ce, "Iya, tsaya nan ki rera da kanki, kasuwa ta ji."

Ta tsaya a gaban tulunan, ta buɗe baki. Ba abin da ya fito sai wata 'yar ƙara kamar ana jan busasshen kara a ƙasa. Ta sake gwadawa, tari ya sarƙe ta. Waƙar tana nan cikin kanta, cikakkiya, amma ba hanyar fita.

Maigidan ya juya ga wakilin, ya ce, "Me ya sami matar nan?"

Wakilin ya ce, "Ranka ya daɗe, ni dai ban yi sakaci ba. Ba ranar da ban hau dutse ba. Hayaƙinsu bai yanke ba."

Maigidan ya husata ƙwarai. Ya ce, "Kai mugun wakili! Hayaƙi na ba ka tsaro, ko mutane? A gidan mai zuma kake ci, ba ka taɓa ganin abin da hayaƙi yake yi wa ƙudan zuma ba? Mukan sa musu shi ne in muna so su bar aiki su gudu! Matar nan ta tako har inda kake da waƙa a bakinta, ka ƙi saukowa. Zumata zan sayar da ita ko a wata kasuwa. Ita fa, a wace kasuwa za ta sayo murya?"

Ya karɓe wakilcin daga hannunsa, ya sallami Tanko. Ya ce wa saurayin, "Za ka ɗebo mata ruwa, ka yi mata niƙa, ka dafa mata abinci a waje, nesa da ƙofarta, har ranar da muryarta ta dawo." Kaka ta wuce, rani ya wuce, saurayin yana ɗebo ruwa. Muryar ba ta dawo ba.

Ma'anar wannan misali ita ce: maigidan shi ne Ubangiji, mai aikin da ma'aikatan duka. Wakilin shi ne duk wanda aka ɗora a kan mutanen da ba ya gani da ido. Hayaƙin kuwa shi ne alamar aiki wadda ba aiki ba ce.

'Yan'uwa matasa, kada wani ya ce wannan labarin mutanen dā ne. Da yawa a cikinmu yanzu aikin talla muke yi ta intanet. Mai rubutu tana Zariya, mai haɗa hoto yana Kafanchan, mai ɗora tallan don jama'a su gani yana Jos, shugabansu kuma yana wani gari yana kallon waya. Me yake kallo? Ɗan koren ɗigon nan mai nuna mutum yana kan layi. "Kina nan?" "Me ya sa ba ki amsa ba?" "Kowa ya kunna kyamara." Mitin da safe, mitin da rana, mitin don a shirya mitin gobe. Yaushe mai rubutu za ta yi rubutun? An ɗauke wuta a unguwarsu, cajinta ya ƙare, ta zauna da biro ta gama aikin tsaf, amma a guruf ɗinsu na waya an riga an yanke mata hukunci: malalaciya ce. Wanda ya iya tura "An gama, oga!" da ɗan hoton babban yatsa, shi ne gwarzon wata. Wannan zalunci ne, ko da an yi shi da Turanci mai daɗi. Abin yana ƙona mini rai, domin masu yin sa da yawa ranar Lahadi suna nan a kujerun gaba.

Ku lura, wakilin bai saci ko cokali ɗaya na zuma ba. Ya yi ƙwazo, kullum yana kan dutse. Laifinsa shi ne ya ji tsoron a cuce shi fiye da yadda ya ji tausayin waɗanda aka ba shi. Kuma duk da tsaronsa, wanda ya cuce shi ɗin, wato Tanko, shi ya fi samun yabonsa.

In an ba ka mutane, aikin ba wuya gare shi ba. Faɗa wa kowa abin da ake so da ranar da ake so. Haɗa mai rubutu da mai hoto su san juna, kada aikin ɗaya ya kwana yana jiran ɗaya. Tambayi mutum, "Me ya rage miki? Me ya tsaya maka?" Sa'an nan ka ƙyale shi ya je rafinsa. In ya kawo aikin, buɗe ka karanta, kada ka tsaya lissafin minti nawa ya yi bai amsa ba.

Haka ma a ikkilisiya. Shugaban matasa ya san wanda bai zo taro ba, amma ya san dalilin? Ya taka ya je gidan? Ku kuma masu ɗanyen ganye, masu cika guruf ɗin zumunta da "Amin" alhali maƙwabcinku yana kwance ba ku leƙa ba, wakili kuke ruɗi, ba Maigida ba.

Ranar tana zuwa da Ubangiji zai kira kowane shugaba, babba da ƙarami, ya tsayar da mutanen da ya ba shi a gabansa, ya tambaya, "Me ya sami wannan?" Wanda yake da mutum a ƙarƙashinsa, ya kira shi a makon nan ya ji lafiyarsa, tun yana da bakin amsawa.