Gonar da Rashidu Ya Saya a Cikin Iska

Rashidu ɗan Gazawa ne, saurayi mai kaifin kai da zafin nama, amma yana da hali guda da ya dami kowa: ba ya jiran ƙarshen magana. In ka fara yi masa bayani, kafin ka kai tsakiya ya ce, "Na gane, na gane!" ya miƙe. Tun a lakol, wato makarantar boko, mushen da ke koyar da su yake cewa Rashidu na amsa tambaya tun ba a gama yin ta ba.

Ya yi shekaru a Kwatano yana buga-buga. Ya dawo gida a shekarar da sojoji suka karɓi mulki, suka yi alkawarin mayar da shi hannun farar hula. Ko'ina zancen zaɓe ake, kowa na jin ƙasa za ta buɗe. Rashidu ko takalmi bai cire ba ya ja wansa Magaji gindin rumbu.

"Yaya, arziki ya zo! Ka san intanet? Duk mai son buɗe shago a cikinta sai yana da suna, kamar allon ƙofar kanti. Suna kuwa mutum ɗaya tak ke riƙe shi a duniya. In ka riga kowa kamawa da arha, ran da mai kuɗi ya buƙace shi sai abin da ka ce!"

"To, ina sunan yake zaune?"

"Cikin iska, Yaya. Fili ne, sai dai babu fari, babu tsutsa, babu rikicin iyaka. Na Turai an gama rabe su, sun yi tsada. Namu na nan kwance ba mai kallo!"

Magaji manomin aya ne. Abin da mahaifinsu ya bar musu mai daraja shi ne shanun huɗa guda biyu, da su ake tayar da kunyar aya. Shanun nan ne Rashidu yake so a sayar.

"Damina ɗaya kawai za ka yi haƙuri. Kafin ta biyu ta faɗi, shanu sun dawo, in ma ba tarakta na kawo maka ba."

Magaji ya daɗe yana shafa bayan farin san. Rabin shanun na ƙanensa ne, kuma bai so a ce ya tauye maraya. Ranar kasuwa aka kai su Agiye.

Washegari Rashidu ya shiga mota sai Maraɗi, wurin Latifa, wadda suka yi aji ɗaya, yanzu tana da gidan intanet. Ta hannunta ake biya. Ya tsaya a bayanta yana lissafa sunaye tana bugawa: na garuruwa, na kasuwanni, na albasa, na wake, na fatu. Wasu da alamar Nijar a ƙarshe, wasu da ta Najeriya, wasu da ta manyan kasuwannin waje. Har ya sa aka kama ɗaya da ya haɗa aya da Nijar a harshen mutanen Isfaniya, don ya ji su ne masu sayen aya.

"Rashidu, ka rage wani abu a aljihu," in ji Latifa. "Kowane sunan nan, in shekara..."

"In shekara ta zagayo ya ƙara tsada! Na gane. Ƙara mini wani!"

Bai tashi ba sai da kuɗin shanu suka ƙare.

Da ya koma Gazawa, sai ya yi abin da ya ga iyayensa na yi in an sayi gona. Ya sayo goro, ya tara dattawa ƙofar mai unguwa, ya karanto sunayen ɗaya bayan ɗaya. Mai unguwa ya gyara rawani ya ce:

"Ɗan nan, gonar taka ina ta yi iyaka da wa?"

"Ranka ya daɗe, gabas Makka, yamma Amurka!"

Aka yi ta dariya, aka raba goro, aka shafa fatiha. A wurin Rashidu magana ta ƙare: abin da aka saya gaban shaidu ya zama naka, kai da 'ya'yanka. Matasa suka laƙaba masa Sarkin Noman Iska, shi kuwa har amsawa yake.

Daminar nan Magaji da hannu ya yi huɗa, rabin gonar ma bai samu ya shuka ba.

Bayan kaka sai ga kiran Latifa, muryarta har rawa take. Wani ɗan kasuwa daga Isfaniya yana son sunan ayar nan, kuma abin da ya taya zai sayi shanun huɗa har ya yi rara. Rashidu ya yi tsalle, ya zagaye gida a guje yana kiran Magaji.

"Alhamdu lillahi," in ji Magaji. "Sallama masa. Wanda ya sayi shanun namu bai sayar da su ba tukuna, na gan su ranar kasuwa."

"Haba Yaya! Tayin farko? In an yi zaɓe Turawa za su cika ƙasar nan. Ninki goma zai biya. Tarakta na ce maka!"

Lokacin kamfe ya kama. Rashidu ya bi ayarin 'yan takara ƙauye-ƙauye, daga Agiye har Cadakori, yana tallata musu sunaye. Ga kiɗa, ga ƙura, ga alkawura. Kowane ɗan takara ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Bari mu ci tukuna." Latifa ta yi ta kira. In an dace da rezo, waya ta shiga, sai ya ɗauka cikin hayaniya.

"Rashidu, saurara, maganar sunayen nan ce, dole ka..."

"Ki ce masa ba na sayarwa! Sai bayan zaɓe!" Ya kashe.

Ta aiko masa da saƙo cewa ya turo kuɗi maza kafin wa'adi ya cika. Ya karanta farkon, ya yi tsaki. "Ji mace, ciniki bai faɗa ba tana neman la'ada."

Aka yi zaɓe, aka rantsar da sabuwar gwamnati. Hadari ya fara haɗowa ta gabas. Rashidu ya sa sabuwar riga ya tafi Maraɗi yana murmushi.

"Kira mini Baturen nan. Yanzu na shirya."

Latifa ta juya masa allon kwamfuta. Ga hoton buhunan aya, ga kwalaben kunun aya, ga sunansa a sama, amma shagon na wani ne.

"Wa ya ba shi? Sata ce! Ina da shaidu, mai unguwa da kansa ya ci goro!"

"Zauna. Yau kam sai na kai ƙarshe. Suna ba a sayensa kamar gona, haya ce ta shekara. In ba a sabunta ba, ya koma kasuwa. An ƙara maka wa'adi, shi ma ya wuce. Mutumin jira kawai ya yi, ya kama shi da kuɗin da bai kai na ɗan akuya ba."

"Sauran fa?"

"Duk sun faɗi. In kana so ka sake kama su, suna nan. Babu wanda ya kula su."

Ya isa Gazawa da la'asar, ƙasa na ƙamshin ruwan farko. A bakin hanya ya ga wani yana huɗa da farin sa da baƙi. Bai buƙaci a gaya masa na waye ne a da ba. Magaji na can ƙarshen gonarsu, ya sunkuya shi kaɗai.

"Yaya, ka san abin da ya faru..."

"Na gane," in ji Magaji. Ya miƙo masa garma. "Kama daga nan. Kuma wannan kunyar, sai ka kai ƙarshenta."

Mai karatu, neman sabuwar hanyar arziki ba laifi ba ne, kuma Rashidu ya hango abin da wasu ba su hango ba. Abin da ya kayar da shi rashin sauraro ne da raina rabon da ya zo hannu. Kafin ka zuba dukiya a sana'ar da ba ka gada ba, musamman dukiyar da wani ke da haƙƙi a ciki, ka tambayi ƙa'idarta, kada ka auna ta da wadda ka saba. In kuma wanda ya sani ya buɗe baki, ka bar shi ya rufe da kansa, domin sau da yawa abin da zai cece ka yana can ƙarshen maganar.