Ɗamarar da Tela Ya Ɗinka wa Haƙarƙarinsa

An yi wani tela da ya haura shekara hamsin, gwani ne a kan keke, amma ya fi gwanancewa wajen yabon kansa. A faɗarsa, bai taɓa kwanciya ciwo ba, kuma duk abin da ya yage a duniya allura da zare sun ishe shi. Saura mako uku bikin 'yarsa ta fari, ya kuma rantse babu hannun da zai taɓa rigar amarya sai nasa.

Wata safiya aka kawo masa sabon kan keken ɗinki, ƙarfe zalla. Mai askin da ke maƙwabtaka da shagonsa ya leƙo ya ce, "Tsoho, bari in kama maka." To, ina laifin bawan Allah da aka kira tsoho a gaban jama'a? Tela ya ce, "Je ka ji da ƙeyar mutane." Ya ɗaga kan keken shi kaɗai, ya murɗa jiki zai ɗora a tebur, sai ya ji wani abu ya soke shi tsakanin haƙarƙarin dama kamar basilla. Ya ci gaba da murmushi har mai aski ya tafi, sannan ya dafe bango.

Daga ranar, in ya ja dogon numfashi ciwo, in ya yi tari ciwo, atishawa kuwa sai ya yi salati kafin ta fito. In ya danna wurin da yatsa, kamar gyambo. Matarsa ta ga yana zama a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, ta ce, "Baban yara, ka je asibiti mana."

"Don mai aski ya samu abin ba wa mutane labari? Ki bar ni, na san gyaransa."

Ya auna ƙirjinsa, ya rage inci biyu, ya yanki yadi mai tauri ya ɗinka ɗamara, ya ɗaure tamau a ƙarƙashin riga. Ciwo ya lafa, tunda haƙarƙari sun daina motsi. Ga kuma riba: tumbi ya ɓace, har masu kawo ɗinki suna cewa ya koma saurayi.

Sai dai numfashinsa ya zama sama-sama. Mura ta kama shi, majina ta taru a ƙirji, babu halin tari mai ƙarfi. Bayan kwana goma 'yarsa ta zo gwada riga, ta tarar ko hannu ba a haɗa ba, shi kuma ya kifa kai a kan keke, jiki zafi rau.

A asibiti likita ta ɗaga rigarsa ta ga aiki, ta ɗauki almakashi. Da ƙyar tela ya ce, "'Yar nan, bi ta kan ɗinkin, kada ki ɓata yadi."

Ta yanke ta tsakiya. Bayan an ɗauki hoton ƙirji ta ce, "Baba, tsokar da ke tsakanin haƙarƙari ce ka ji wa rauni. Da hutu da maganin ciwo, da ta warke da kanta. Amma ka hana huhu buɗewa, yanzu shi ya kamu. Ciwon wurin nan kan zo daga tsoka, ko tsagewar ƙashi, ko huhu, wani lokaci ma zuciya. Ba da tef ɗin awo ake ganewa ba."

Kwana tara ya yi a gado. Matarsa ta naɗe yadin amarya ta kai wa wani tela a ƙarshen layi.

Ranar biki 'yarsa ta tsaya a gabansa ta ce, "Baba, ta yi kyau?" Ya juya bakin rigar, ya duba kafaɗa, ya ja hannu, yana neman aibi ko da na zare ɗaya. Bai samu ba.

"Ta yi kyau," ya ce a hankali. Wannan kalma ta fi masa haƙarƙari ciwo.

Mai karatu, gwanintar mutum a sana'arsa ba ta mai da shi likitan jikinsa. Ciwo tsakanin haƙarƙari, musamman in ya zo da zazzaɓi, tari ko sarƙewar numfashi, ba a ɗaure shi, ba a ɓoye shi, asibiti ake kai shi. Wanda ya ɓoye ciwo don gudun dariyar maƙwabci, ciwon zai tona shi, ya kuma raba shi da abin da ya fi so.