Riguna Huɗu a Jikin Kurege

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, kunnenmu na gare ki.

Wata bazara aka yi mai zafin da har ƙadangare ke neman inuwa. A bazarar nan Hawainiya ta buɗe shagon riguna a gindin tsamiyar bakin kasuwa. Riguna ne marasa nauyi irin na samari, kowace da hoto a ƙirji, da tambarinta a wuya, wato wutsiya a naɗe. Kun san Hawainiya, tafiya sai a hankali, amma a harkar launi ba ta da na biyu.

Rigunan kuwa da sirrinsu. Duk wanda ya sa ɗaya ya kwanta barcin rana, sai ya tsinci kansa cikin hoton. Kunkuru ya sa mai kogi, ya wuni yana iyo, ya farka jikinsa sanyi ƙalau. Tunkiya ta sa mai gajimare, ta yi kiwo a sama, ta dawo tana cewa ciyawar can laushi kamar auduga.

Ranar kasuwa Hawainiya ta ce yau kyauta ne, don a yi mata talla. "Amma kowa ɗaya. Riga ɗaya, mafarki ɗaya."

To, ga Kurege. Ni dai ban taɓa jin an yi rabo Kurege ya tafi da kasonsa kaɗai ba. Ya zaɓi mai hoton gonar gyaɗa. Ya zaga bayan tsamiya, ya dawo.

"Hajiya, innata na gaishe ki. Ƙafa ta hana ta fitowa."

"Ayya, Allah ya sawwaƙe. Ungo, kai mata." Ta ba shi mai kogi.

Ya zaga, ya dawo.

"Hajiya, goggona ta ji an ba inna, tana can ta ƙi cin abinci."

Ta ba shi mai gajimare.

Ya zaga, ya dawo.

"Yanzu kuma wa?" in ji Hawainiya.

"Kawuna ne. Shi mai shaho yake so, wai ita ake yayi."

Hawainiya ta juyo ido ɗaya ta dube shi, ɗayan na kan kayanta. Amma wa zai hana a kai wa dattijo rabonsa? Ta ba shi.

Kurege ya jera su a jikinsa, ɗaya kan ɗaya, mai shaho a sama. Da rana tsaka, cikin wannan zafi, ya miƙe a gindin kuka ya lumshe ido.

Kai, mafarkin nan ya yi daɗi, har ni ina kishinsa. Gonar gyaɗa ce ba iyaka, shimfiɗe a kan gajimare, tana tafiya a hankali. A ƙasa kogi na gudu, sanyinsa na tasowa yana shafar wutsiyar Kurege. Gyaɗar kuwa da kanta take fitowa daga ƙasa, ɓararriya, soyayya, har da gishirinta. Mai hankali da ya zauna ya ci. Kurege ya ce, "Bari in tara tukuna." Ya tara, ya tara, ya tara, ko ƙwaya ɗaya bai kai baki ba.

Sai inuwa ta rufe gonar. Shaho ne. Kurege ya yi ƙoƙarin farkawa, ina! Mai riga huɗu barci huɗu ne a kansa. Shaho ya sure shi ta wuyan riga, ya yi sama.

Tsoro ya kama Kurege, tsoro na gaske, amma bakinsa bai mutu ba.

"Ranka ya daɗe, haka za ka ci ni da ɓawo? Babba kamarka? Ko gyaɗa ai sai an ɓare."

Shaho ya ce, "Ka yi gaskiya." Ya sa farce ya zare rigar sama. Rigar sama kuwa ita ce mai hoton shaho. Ɓat! Babu shaho.

Kurege ya faɗo kan gajimare, gajimare ya ɓurme da shi. Ya tuɓe mai gajimare, ya faɗa kogi tsulum. Ya sha ruwa, ya sha ruwa, ya tuɓe mai kogi. Sai ga shi a gona, ga tarin gyaɗarsa yana jiransa. Ya ce, "Alhamdu lillahi, yanzu za a ci."

Ashe tun ɗazu gumi ke aikinsa a gindin kuka. Rigar ƙarshe ta jiƙe sharkaf, hoton ya fara zuba. Kurege ya miƙa hannu, gyaɗa ta narke. Ya miƙa ɗayan, gona ta narke. Ya farka da hannu a buɗe da ciki yana kuka, rigunan duk sun dame sun zama launi ɗaya.

Farin fentin gajimare kuma ya gangaro masa ta haƙarƙari, dama da hagu. Ya wanke, ya wanke, ya ƙi fita. In kun ga kurege gobe ku duba gefensa, layin na nan.

Ƙurunƙus kan ɗan kurege. Darasi kuwa, in za ku karɓo wa kawunku riga, ku zaɓa masa mai hoton kaza.