Tsibirin da Magariba Ba Ta Zuwa

Ku gyara zama, ga wata nan. Ni dai tun ranar da na ji ta, yarona ko Kaduna zai je sai na tambaye shi ƙarfe nawa zai dawo.

A Gumel akwai wata mata, Hajiya Marka. Da mijinta ya rasu ta fita takaba, 'ya'yanta uku suka shiga jayayya a kan gidan wanda za ta koma da zama. Babban, Sammani, likita ne a wata ƙasa mai sanyi can ƙetare. Kubura tana aure a Kano. Badamasi, autan, yana koyarwa a Haɗeja. Hajiya ta kasa zaɓa, kullum sai rama take yi. Sammani ya ce bari su fita da ita ta ga duniya ko zuciyarta ta yi sanyi. Wai akwai wasu tsibirai a ƙarshen arewa, inda ƙanƙara ke yawo a teku, jirgin ruwa yana kai mutane kallon dabbobi.

Sai da aka yi rigima a kan lokacin tafiya. Kubura da Badamasi suna son watannin duhu, domin sun ga hoton wani koren haske da ke rawa a sama. Sammani ya ƙi. Ya ce a lokacin rana tana yin watanni ba ta fito ba, teku ya daskare, dabbobin ma ba a ganinsu. Ya kafe sai watan Yuli, daidai lokacin da gero ke tasowa a gida, sa'ad da rana ba ta faɗuwa sam a can. Kubura ta ce, "Yaya, kai komai sai naka." Haka dai aka yi nasa.

Hajiya ta ga abin da ba ta taɓa zato ba. Ta ga dabbobin ruwa masu haure biyu, kwance a kan juna kamar buhunan gero. Ta ga tsuntsaye sun rufe dutse har ba a ganin dutsen. Ta hango wani naman daji mai cin mutane da ake kira beyar, fari fat, ya fi bijimi girma, yana tafiya shi kaɗai a kan ƙanƙara. Abin da ya dame ta ɗaya ne: dare ya ƙi yi. Sammani ya ɗaura mata agogo, ya ce, "Inna, a nan da wannan za ki riƙa salla." Ta ce to. Da ya juya ta cire ta jefa a jaka, wai yana matse mata hannu. Ita duk rayuwarta da inuwar katanga take sanin lokaci.

Rana ta biyar aka sauke su a wani tsibiri da ba kowa. Akwai bukkokin katako na masu farautar manyan kifaye, waɗanda suka mutu tun kafin a haifi kakarta. Ƙasusuwan kifayen suna tsaye a bakin ruwa, mutum zai shige ƙarƙashinsu bai sunkuya ba. Akwai kaburbura da sanyi ya turo akwatunansu waje. Wata Baturiya da ke musu jagora, da bindiga a kafaɗa, ta ce kada kowa ya rabu da jama'a, kuma ƙarfe shida za a koma jirgi.

Hajiya ta dubi inuwarta, ta ga ta yi tsawo, ta ce la'asar ta yi. Ba za ta cire takalmi a gaban maza ba. Ta sulale tana tauna goronta, ta haye wani tudu, ta samu ruwa yana gangarowa, ta yi alwala da shi har yatsunta suka daina jin komai. Ta shiga wata bukka da ke nesa da sauran ta yi salla. Iska tana kaɗawa a waje, sai ta ce bari ta zauna da carbi. Ai ƙarfe shida sananne ne: idan rana ta yi ja ta kusa faɗuwa, ta tashi.

Rana ba ta yi ja ba. Inuwar ƙofa ta bar wannan bango ta koma wancan, tsawonta yana nan yadda yake. Sai hazo ya taso daga teku, fari, mai haske a ciki, ba gabas ba yamma. Ta so miƙewa, sanyi ya riƙe mata ƙafafu. Wani abu mai nauyi ya zagaya bukkar yana shaƙar katako, ya tsaya, ya wuce. Can sai ta ji ana kira, "Inna... Inna Marka." Muryar ta zo daga ruwa, ta sake zuwa daga wajen kaburbura, wani lokaci sak ta marigayi maigidanta. Ta toshe bakinta da mayafi. Tun tana yarinya aka gaya mata ba a amsa kira a daji idan ba a ga mai kiran ba. A nan ta yi wa Allah alkawari: duk wanda ya fitar da ita daga wannan wuri a cikin 'ya'yanta, a gidansa za ta ƙarasa kwanakinta.

To, ga yadda aka same ta.

Ana ta nema a bakin ruwa, Kubura ce ta ce a tsaya. Ta san uwarta ba ta rabuwa da goro, kuma ba ta haɗiye tuƙarsa. Ta sunkuya tana duba dusar ƙanƙara har ta ga ɗigon ja, ta ga wani a gaba. Ta bi su ta haye tudun da ba wanda ya yi tunanin tsohuwa za ta hau. Ba don ita ba, da a wancan gefen tsibirin za a ƙare nema. Amma a bayan tudun dusar ta ƙare, sai baƙin dutse, jan ya ɓace.

Nan suka yi ta kira, shiru. Baturiyar ta nuna musu sawun beyar, sabo, ta ce ba za ta bar mutane cikin hazon nan ba. Badamasi ya ce, "Yaya Kubura, ko tana jinmu ba za ta amsa ba. Kin manta dukan da ta yi mana a gona don mun amsa kiran wanda ba mu gani ba?" Ya sa yatsu a kunne ya ɗaga murya ya kira salla. Hajiya ta ji, ta san abin da take tsoro ba ya kiran salla. Murya ba ta fita, sai ta ɗauki wani ƙarfe ta buga bango sau uku. Ba don shi ba, da sun wuce ta da taku ashirin.

Lokacin agogo ya nuna ɗaya na dare, amma duk da hazon, gari da haske kamar hantsi. Da hasken nan Kubura ta ga jan goro, da shi aka ga sawun beyar aka kauce masa, kuma don teku a buɗe yake ƙaramin jirgi ya zagayo ya ɗauki Hajiya kafin sanyi ya gama da ita. Ba don Sammani ya kafe a kan watan nan ba, da cikin duhu za su neme ta. Sai dai Kubura ta tuna masa cewa wannan ranar tasa ce ta ruɗi Inna tun farko. Shi kuma ya ce agogo ya ba ta.

An yanke mata yatsun ƙafa biyu, amma ta dawo Gumel da ranta. Ta gaya musu alkawarin da ta yi. Yau wata huɗu akwatinta a ɗaure a bakin gado, kullum da yamma tana fitowa tsakar gida ta zauna har ta ga rana ta faɗi da idonta, sannan ta shiga ɗaki. Tana tsoron saɓa wa Allah, tana tsoron ɓata wa biyu rai.

To jama'a, tsakanin wanda ya zaɓi watan, da wadda ta bi jan goro, da wanda ya kira salla, gidan wa ya kamata a kai akwatin nan?